Haɗurran kwale-kwale: Lissafin da ya kamata a yi kafin a bar gaɓa

A watan Mayun 2021 wani jirgin ruwa ɗauke da sama da mutum 150 da babura ya nitse kusa da Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi. A watan Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara, suna dawowa daga ɗaurin aure. A watan Oktoban 2024 wani jirgin da ya ɗebo kusan mutum 300 zuwa Maulidi ya kife a Gbajibo, cikin ƙaramar hukumar Mokwa ta jihar Neja.

Bayan kowane haɗari, dalilan da ake bayarwa ba sa canzawa: tafiyar dare, kututture a ƙarƙashin ruwa, tsohon katako, da lodin da ya wuce kima. Sai dai ba kasafai ake bayyana wa fasinja mene ne kimar ba, alhali lissafinta bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba.

Yadda ruwa ke ɗaukar kaya

Ƙa'idar ta samo asali ne daga masanin Girka Arkimidis, sama da shekara 2,200 da suka wuce. Duk abin da ke yawo a saman ruwa yana ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa. Lita ɗaya ta ruwan kogi kilo ɗaya ce. Don haka jirgin da nauyinsa da na kayansa ya kai kilo 10,000, dole ya nutsa har ya ture lita 10,000. Idan duk girman jikinsa lita 10,000 ne, to bakinsa ya yi daidai da saman ruwa, kuma ƙaramar igiyar ruwa ta isa ta cika shi.

A ɗauki misalin jirgi mai tsawon mita 10, faɗin mita 2, zurfin santimita 80, a ƙaddara gefensa a miƙe yake kamar akwati. Girmansa lita 16,000 ne, wato tan 16 ne iyakar da zai kai ruwa ya taɓo bakinsa. Kowace santimita ɗaya da ya nutsa tana daidai da kilo 200, nauyin buhun masara biyu ko manya uku.

Idan aka bar tazarar santimita 30 tsakanin ruwa da bakin jirgi, abin da ya rage tan 10 ne. A cire tan 3 na katako da inji, saura 7. Mutum 70 masu kilo 60 kowanne, da buhu 20, da babura biyar sun kusa cinye wannan. Aka ƙara mutum 40 a mashiga ta gaba, santimita 12 ta tafi. Ruwan da ke yoyo ta tsagar katako shi ma lodi ne: kowace jarka mai lita 25 kilo 25 ce. Sannan da zarar jirgi ya daki kututture, fasinjoji suka ruga gefe guda, ragowar tazarar ta ƙare.

Ƙidayar kawuna ba ta wadatar ba

Wannan ne ya sa ƙayyade yawan fasinjoji kaɗai ke barin gibi, musamman ranar kasuwa, lokacin da buhuna da dabbobi da babura ke iya fin mutane nauyi. Birtaniya ta fuskanci irin wannan matsala a ƙarni na 19, inda ɗan majalisa Samuel Plimsoll ya matsa har aka yi dokar 1876, wadda ta tilasta zana alamar lodi a jikin jiragen ruwa. A 1966 aka ƙulla yarjejeniyar duniya kan wannan layi ga manyan jiragen teku.

Amfanin layin shi ne ba ya buƙatar sikeli ko karatu. Ruwa ya haura shi, lodi ya yi yawa, kuma tsohuwa mai ƙwaryar nono za ta gani kamar yadda jami'in hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa zai gani. Abin da ake buƙata shi ne a auna kowane jirgi sau ɗaya, a ja layin da fenti, sannan shugabannin mashiga da sarakunan ruwa su hana tashi idan ya ɓace.

Rigar kariya ma lissafin ɗaya ne. Mutum mai kilo 60 girman jikinsa kusan lita 60 ne, shi ya sa da ƙyar yake tsayawa a saman ruwa, kuma ya fitar da iskar huhunsa sai ya yi ƙasa. Rigar tana ƙara masa litoci masu yawa da ɗan nauyi kaɗan, sai kansa ya ɗago.

Gwamnati na raba waɗannan riguna a jihohin da ke bakin kogi, amma amfaninsu sai bayan jirgi ya kife. Matuƙi kuwa kuɗinsa na ƙaruwa da kowane kai da kowane buhu, kuma a ƙauyukan da babu gada ko hanyar mota, fasinjan da aka bari a gaɓa ba lallai ya samu wani jirgin ba sai gobe. Muddin ba a ƙara yawan jirage a ranakun kasuwa da na bukukuwa ba, fasinjojin da kansu ne za su roƙi matuƙi ya kau da kai daga layin.