Raddi ga Mai Cewa Alamar Kore Ta Isa Shaida

Akwai ra'ayin da wani ɗan'uwa mai rubuta manhaja yake yaɗawa tsakanin matasanmu a Funtuwa da Malumfashi. Yana cewa in ka gaji manhaja daga wanda ya rubuta ta ya tafi, kamar irin wadda ƙungiyoyin manoma ke lissafin bashin taki da ita, abu uku sun isa su nuna maka gwajinta ya nuna: gwaje-gwajen da kwamfuta ke yi da kanta suna da yawa, duk suna fitowa kore, wato alamar ba su ga kuskure ba, kuma ta daɗe tana aiki ba a koka ba. Ina girmama shi, amma hujjojin nan uku ba su tsaya ba.

Ta farko, yawa. Ƙididdigar da yake alfahari da ita tana faɗin layuka nawa gwaji ya taka ne kawai. Ba ta faɗin ko ya duba amsar da ta fito. Ana iya taka kowane layi na lissafin bashi ba tare da an tambayi ko jimillar daidai ce ba.

Ta biyu, kore. Mai gadin sito da bai taɓa ihu ba, ko dai ɓarawo bai zo ba, ko barci yake yi, kuma ba za ka sani ba sai ka taɓa ƙofar da dare. Masana sun daɗe da wannan dabara. DeMillo da Lipton da Sayward sun wallafa ta a 1978. Ka shiga manhajar ka ɓata wani abu da gangan: ka mayar da tarawa ta zama ɗebewa, ka share layin da ke rage bashi idan manomi ya biya. Sannan ka saki gwaje-gwajen. In suka yi ja, suna da rai. In suka ci gaba da kore alhali bashin mutum ya ninka, me suke gadi?

Ta uku ce ta fi damuna, domin ta fi kama da gaskiya. Daɗewa tana shaida ne a kan yanayin da ya wuce. Ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Turai Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta. Manhajar da ta jawo haka gado ce daga Ariane 4, inda ta yi shekaru lafiya lau. Sabuwar rokar ta fi gudu, wani adadi mai alaƙa da gudun ya fi ƙarfin gurbin da aka tanadar masa a manhajar, kuma ba a gwada manhajar da hanyar tafiyar sabuwar ba. Mu ma yanayi ya sauya mana. Manhajar da aka rubuta lokacin da kowa ke biya da tsabar kuɗi ta wayi gari a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, mutane na turo kuɗi ta waya, layi na yankewa a tsakiya, a sake turawa. Shin akwai gwajin da ya tambayi me zai faru in biya ɗaya ya shigo sau biyu? Ko in manomin Gozaki ya biya rabin bashinsa da buhunan masara a kaka? Ko in mutum biyu a ƙauye ɗaya suna da suna ɗaya da sunan mahaifi ɗaya?

Batun rashin kuka kuwa, a tuna da gidan wayar Birtaniya. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da ɗaruruwan masu kula da rassa bisa giɓin kuɗi da manhajar Horizon ta nuna, sai a 2019 kotu ta tabbatar tana da kurakurai. Sun koka, ba a saurare su ba ne. Manomin da aka ce masa kwamfuta ba ta ƙarya, ga shi ba takarda a hannunsa, sau da yawa haƙuri zai yi ya biya.

Na yarda da ɗan'uwan a abu ɗaya: kada magaji ya zubar da gwaje-gwajen da ya tarar, domin su ne abin da ya rage na nufin marubucin farko. Amma kafin ya sa hannu cewa sun nuna, ya ɗauki littafin bashin bara na takarda, ya zaɓi shari'o'in da suka fi rikici, ya mayar da kowacce gwaji, ya kuma tabbatar duk suna gudana da kansu a duk lokacin da aka taɓa layi ɗaya, tun kafin rabon takin damina.