Mudun Amurka A Kasuwar Kafanchan

Ciwon sukari cuta ce wadda yawancin jiyyarta a gida ake yi, ba a asibiti ba. Saboda haka masana suka shirya takardun tambayoyi don auna yadda majiyyaci ke kula da kansa. Daga cikin waɗanda suka yi suna akwai SDSCA, wadda Toobert da Hampson da Glasgow suka sabunta a Amurka cikin 2000. Tana tambayar mutum: cikin kwana 7 da suka shige, kwana nawa ya kiyaye abinci, ya motsa jiki, ya auna jini, ya duba ƙafafunsa?

To, amma idan aka fassara ta aka kai Kudancin Kaduna, sai a tarar mudun bai dace da kasuwar ba. Wata tambaya tana neman sanin ko mutum ya ci kashi 5 na ganye da 'ya'yan itace a yini. Yaya za a ƙidaya kashi a gidan da ake taruwa kan kwano guda, ganyen kuma yana cikin fate ko miya? Wata kuma tana tambayar motsa jiki na musamman, kamar iyo ko hawan keke, ban da aikin yau da kullum. Manomin citta na Kwoi, wanda ya yini da fartanya, zai ce babu, makinsa ya ragu.

Ga kuma batun harshe. Ga yawancin Bajju da Atyap da Ham, Hausa harshe na biyu ne. Tsohuwa za ta yi tunani da Jju, ta amsa da Hausa, ma'aikacin asibiti ya rubuta da Turanci. Tsakanin ukun nan ma'ana tana iya zubewa, balle a haɗa da kunya, wadda kan sa babba ya ce "i" don kada ya ɓata wa likita rai.

Hanyar gyara sananniya ce. Wani ya fassara, wani dabam ya mayar da fassarar Turanci a gwada da ta asali, sa'an nan a jarraba ta kan majiyyatan wurin, a tambaye su abin da suka fahimta. Lalle ya kamata masu bincike da ma'aikatan jiyya na Kafanchan su bi wannan hanya tun kafin su fara ƙidaya. Lissafin da ya karkace yakan jawo gurguwar shawara, abin da ke cikin hatsari kuwa shi ne idon majiyyaci da ƙodarsa da ƙafarsa.