Sandar wanke taga: kada tsawo ya ruɗe ka

Bayan bidiyonmu na baya, da yawa kun tambaya wace sanda mai tiyon ruwa za ku saya don fara sana'ar wanke tagogi a Landan. Ni dai ra'ayina, kada ka bi mafi tsawo.

Dubi Edmonton. In ka cire dogayen benayen Edmonton Green, waɗanda sanda ba ta kai samansu, yawancin gidajen layukan da ke kusa da Fore Street hawa biyu ne. Sanda mai ƙafa 22 zuwa 25 ta ishe ka. Ka ɗauko mai ƙafa 40 kuwa, wallahi kafin azahar kafaɗarka ta fara ƙorafi.

Sayi ta kabon. Ta fi ta alminiyam tsada, amma ba nauyi, kuma ba ta yawan lanƙwasawa in ka miƙe ta. Sai dai lantarki na bin ta, don haka ka duba wayoyin sama kafin ka ɗaga.

Kuɗin da ya rage, zuba su a matatar ruwa da mitar TDS. Ruwan famfon Landan cike yake da ma'adanai. In bai tatu ba, gilashi zai bushe da farin tabo, mai gida kuma ba zai sake kiran ka ba.