Laima Da Katakon Daɓe

Mutanen Nukkai da ke Jalingo ba su manta da ambaliyar 2005 da ta karya gadarsu ba. To, akwai kuma ruwan da ke ɓarna a ɓoye. Da damina laima kan ratso siminti ta shiga katakon daɓe. Ƙasansa ya kumbura alhali samansa na bushe, sai gefuna su ɗaga kamar akushi. Maganinsa a busar da katako sosai, a shimfiɗa leda kafin a zuba siminti, a kuma haƙa magudana. Maigidan da ya yi gaggawar sa kafinta ya kankare gefunan tun katakon na jiƙe, da hunturu zai tarar tsakiyarsa ta yi doro. Rigakafi dai ya fi magani.