Waƙar Gari a Bangon Gari



Akwai wata magana da muke ji a bakin waɗansu ma'aikata, wai bikin waƙa sai babban birni, inda akwai gidan wasa da wutar lantarki da kuɗin gwamnati. Wannan magana ba ta da tushe. Ƙaramin gari yana iya yin bikin waƙa wanda za shi amfani mutanensa, in dai an san abin da ake nema. Abin da ake nema kuwa shi ne waƙar da ke bakin mutanen gari ta sauka bisa takarda, ta hau bango, wanda ya fito makarantar yaƙi da jahilci shi tsaya shi karanta ta da idonsa.

Bari mu ɗauko misali daga nesa. A ƙasar Masedoniya ta Arewa, wadda da can take cikin tarayyar Yugoslabiya, akwai wani gari ana ce masa Struga, a bakin tafkin Ohrid. Mutanensa ba su kai dubu 20 ba. Ke nan Tasawa da Konni da Mirriya kowanensu ya fi shi jama'a. A garin nan aka haifi wa da ƙane, Dimitar da Konstantin Miladinov. Wan malamin makaranta ne, ƙanen kuma mawaƙi, ƙasarsu kuwa a zamanin tana hannun Turkawa. Suka yi shekaru suna tattara waƙoƙin talakawa, na aure, na girbi, na makoki, na jarumai, suna rubutawa. A 1861 aka buga littafinsu a birnin Zagreb, da waƙoƙi sama da 600 a ciki. Ba su daɗe ba bayan haka: a farkon 1862 dukansu biyu suka rasu a kurkukun Istambul.

Da littafin ya cika shekara 100, wato a 1961, aka yi taron tunawa da su a Struga, mawaƙa suka karanta waƙoƙinsu gaban jama'a. Daga 1962 taron ya zama na kowace shekara. Ana yin sa cikin watan Agusta, kuma mafi shahara cikin shagulgulansa shi ne karatun da ake yi bisa gadar kogin Drim, daidai inda ruwan ke fita daga tafki. Mawaƙi yana bisa gada, mutanen gari suna gaɓa biyu suna saurare, kowa yana karantawa da harshensa. Tun 1966 ake ba da kyautar kambun zinariya. Pablo Neruda na ƙasar Chili ya karɓe ta a 1972, shugaba Leopold Sedar Senghor na Senegal a 1975, Mahmud Darwish na Falasɗinu a 2007. Akwai kuma lambun da waɗanda suka ci kyautar suke dasa itace, abin da ba baƙo ba ne gare mu, mu da muke dasa itace kowace ranar 3 ga Agusta.

To, mu lura da tushen abin. Kambun zinariya da manyan baƙi daga baya suka zo. Farko dai mutum biyu ne suka zauna gaban tsofaffi da tawada da takarda. Da ba su rubuta ba, da babu abin da za a tuna bayan shekara ɗari. Wannan shi ne darasin da ya shafe mu.

Mu kam Allah ya hore mana waƙa. Akwai waƙar daka da ta niƙa, akwai ta gaɗa da ƴan mata ke yi a farin wata, akwai ta gayya a gona, ta reno, ta rakiyar amarya. Akwai kirarin maharba da na ƴan tauri da na ƴan kokowa. Tun 1975 da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, ƙasa duka take jin kirarin ƴan kokowa a radiyo. Nawa ne daga ciki aka rubuta? Akwai kuma rubutacciyar waƙa ta ajami, mai baiti da ƙafiya, wadda malamai suka gada kaka da kakanni. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Marata cikin jihar Tawa ta yau a 1754, da waƙa ya yi wa talakawa wa'azi. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta rubuta waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta koya wa mata dattijai da ake kira jaji, su kuma suka kai su ƙauyuka ga ƴan taru. Ashe koyar da karatu ta hanyar waƙa ba sabon abu ba ne a ƙasar nan.

Amma waƙar baka tana tafiya tare da aikin da ya haife ta. Yau injin niƙa ya shiga garuruwa da yawa, dutsen niƙa ya koma bayan ɗaki. Mata sun huta, mun gode Allah. Sai dai waƙar da ake yi bisa dutsen ba ta da sauran wurin zama, sai cikin kan tsofaffi. Yarinyar da ke kai hatsi inji ba za ta koye ta ba. Haka dandalin gaɗa yake raguwa inda wayar salula ta shiga hannun yara. Duk tsohuwar da aka kai makwancinta ba a rubuta abin da ta sani ba, an rufe ta da shi.

Ga matsala ta biyu, wadda malaman yaƙi da jahilci suka fi kowa sani. Tun farkon shekarun 1960 ƙasarmu take karantar da manya da harsunanmu. A 1966 aka yi taron Bamako don daidaita rubutun harsunan Afirka ta yamma, har da Hausa. A 1973 aka buɗe lakwal ta farko ta gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Duk da wannan wahala, har yau manyan da suka iya karatu da rubutu ba su kai rabin jama'ar ƙasa ba. Kuma da yawa cikin waɗanda suka karɓi takardar shaida, bayan damina biyu ko uku karatun ya tsere masu. Me ya sa? Domin ba su da abin karantawa. Mutum ya fito aji, ya duba allon kanti, Faransanci. Ya duba kwalin magani, Faransanci. Wuƙar da ba a yanka da ita tsatsa take yi. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan hukunci yana bisa takarda. Ba za shi tabbata ba sai ran da talaka ya ɗaga kai a kasuwar garinsu ya ga rubutun da shi ma yana iya karantawa.

Waƙa ita ta fi dacewa da sabon mai karatu, kuma akwai dalili. Gajera ce, ba ta gajiyar da ido. Da yawa ya riga ya hardace ta, saboda haka in harafi ya shige masa duhu, kunnensa shi ke ja masa gora. Amsa-amon ƙarshen ɗango yana taimakonsa shi gano kalmar da ke tafe. Wanda ya karanta waƙar da uwarsa ke yi masa yana goye, ba sai an roƙe shi shi sake karantawa ba.

Yaya za a shirya bikin? A ganinmu kwana uku sun isa, kuma aiki uku ne.

Na farko zauren koyo. A samu ajin lakwal ko zauren mai gari. Tsohuwa ko tsoho shi rera, wanda ya fito yaƙi da jahilci shi rubuta, mushen lakwal shi duba ƙa'idar rubutu, musamman haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, don kada a mai da ƙafa kafa. Malamin zaure kuma shi nuna wa matasa yadda ake auna baiti da riƙe ƙafiya, su gwada tsara nasu bisa abin da ya dame su: rijiya, cin rani, farashin taki, auren wuri. A ware zauren mata daban, da mace mai rubutu, domin akwai waƙoƙin da mace ba ta yi gaban maza.

Na biyu bango. A zaɓi baitocin da jama'a suka yarda da su, a rubuta su da manyan haruffa a bangon kasuwa, da tasha, da gidan likita, da wurin famfo, inda mutane ke tsayawa jira. A rubuta da boko da ajami kafaɗa da kafaɗa, don almajiri da ɗan lakwal su tsaya gaban bango guda, kowa shi koyi na ɗan uwansa. A sa sunan mai waƙar da unguwarsa a ƙasa, in ya yarda. A nemi izinin mai bango kafin a taɓa. Wannan ma an gwada shi a wani wuri: garin Asila na bakin teku a Maroko, tun 1978 masu zane ke ƙawata bangayensa a lokacin bikin al'adu na shekara, har garin ya yi suna da haka, kuma a can ake ba da kyautar waƙar Afirka mai sunan Tchicaya U Tam'si, mawaƙin ƙasar Kongo.

Na uku dandali. Da dare bayan lisha, kowa shi taso shi karanta abin da ya rubuta, daga takarda, gaban iyayensa da maƙwabtansa. Ranar da magidanci ya ga matarsa ta karanta baiti huɗu ba gargada, shi da kansa za shi tambayi inda ake rubuta suna a ajin manya. Gani ya kori ji.

Game da lokaci, hukumar UNESCO ta sa 21 ga Maris ranar waƙa ta duniya tun 1999. Amma a garuruwanmu watan Maris samari sun watse cin rani, zafi kuma ya kama. Ya fi kyau a yi bikin da kaka, an gama girbi, rumbu ya cika, matasa ba su tafi ba tukuna, a haɗa shi da ranar kasuwar gari don mutanen ƙauyuka su samu zuwa.

Wani za shi ce: ana fama da tsadar hatsi da rashin kwanciyar hankali, ina mu ina waƙa? Tambaya ce mai nauyi, ba mu raina ta ba. Amma a lissafa abin da bikin ke ci: fenti, alli, littattafan rubutu, tabarmi, fitila. Ɗan kasuwa guda na gari yana iya ɗaukar wannan. Ribarsa kuwa, wanda karatunsa ya zauna saboda waƙa, shi ne gobe za shi karanta awon maganin ƙwari, da takardar bashin ƙungiyar manoma, da ranar rigakafin ɗansa. Ba a cutarsa a ma'auni.

Sai dai akwai ramuka uku da ya kamata hukuma ta kauce masu. Na ɗaya, kada biki shi koma na jawabai, a shanya tsofaffi a rana ana jiran babban baƙo, in ya zo a cinye yini da gaisuwar manya. Na biyu, kada a mai da shi fagen yabon masu mulki. Roƙo sana'a ce mai tarihi, tana da wurinta. Amma in kyauta ta zama ta wanda ya fi iya wasa shugaba, manomi mai waƙar fari da yunwa za shi naɗe takardarsa shi koma gida. A bar mutane su faɗi abin da ke damunsu, a hana zagi da cin mutunci kawai. Na uku, kada a ce Hausa kaɗai. Garin da ke da Fulani da Abzinawa da Barebari da Zabarmawa, bangonsa shi ɗauki harshen kowa. Ɗaukakar da Hausa ta samu amana ce, kuma maƙwabta suna kallon yadda za a riƙe ta.

In biki ya watse, aiki bai ƙare ba. A kwafe littafin waƙoƙin gida uku: ɗaya a lakwal, ɗaya a ofishin hukumar gari, ɗaya a aika Yamai, inda cibiyar CELHTO mai tattara tarihin baka da cibiyar binciken IRSH ta jami'ar Abdu Mumuni suke ajiyar irin wannan dukiya. Radiyon karkara kuma shi riƙa karanta su, yana faɗin sunan mai waƙa da garinsu. Baɗi a goge bango a sa sababbi.

Muna kira ga hukumomin garuruwa, da sarakuna da masu gari, da malaman lakwal da na zaure, da ƙungiyoyin mata da na matasa: kada kowa shi jira takarda daga Yamai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma gari guda yana iya farawa bana, na kusa da shi shi gani shi kwaikwaya. Ku kuma da kuka fito yaƙi da jahilci, alƙalamin yana hannunku. Akwai tsohuwa a unguwarku wadda ta san waƙar da ba wanda ya sani sai ita. Ku je ku gaishe ta da littafi a hannu tun tana da rai.

Allah shi ba mu ikon riƙe abin da muka gada, shi ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka. Amin.