Kada Gigahaz Ya Rufe Mana Ido

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, lokaci ya yi da za mu daina yarda ana yaudararmu da lamba ɗaya tak. Ka je sayen kwamfuta, mai kanti ya ce, "Gigahaz uku ce!" Nan take ka zazzage masa guzurinka.

Wanda ya san iyakar Jibiya ba a yi masa wannan wayo. Mota ta taso daga Katsina a guje za ta Maraɗi, ta iso shingen kwastan ta tarar da layi. Ina amfanin gudun? Haka ƙwaƙwalwar kwamfuta take. Gigahaz ɗaya bugun agogonta ne kurum, sau miliyan dubu a daƙiƙa. Aiki nawa take gamawa a kowane bugu? In kuwa ma'ajiyar bayanai tana jan ƙafa, sai ta zauna jira.

A 2004 Pentium 4 ya kai gigahaz 3.8. A 2006 kamfanin Intel da kansa ya fito da Core 2 Duo mai 2.4, ya kuwa kayar da shi.

Saboda haka kafin ka biya, tambayi yawan RAM da irin faifanta, ka gwada ta da aikinka. Guminka ne, ba na mai kanti ba.