Shari'ar Yarinya a Gezawa

Ga wata magana da ta kamata malamai da fatake su duba da idon basira.

A watan Afrilu na 2014, a wani ƙauye na ƙasar Gaya, cikin Jihar Kano, aka kama wata amarya 'yar shekara 14, ko wata guda ba ta cika a ɗaki ba. Aka tuhume ta da zuba shinkafar ɓera cikin abinci, har mijinta mai shekara 35 ya mutu, shi da mutum uku. 'Yan sanda suka ce ta faɗa musu auren dole aka yi mata, iyayenta kuwa suka musa. Aka kai ta Babbar Kotu a Gezawa, masu ƙara suka nemi a yanke mata hukuncin kisa. Sai a 2015 Gwamnatin Kano ta janye ƙarar, aka sake ta, bayan ta shekara a tsare.

Rai huɗu ba abin wasa ba ne, ba kuwa mai hankalin da zai ce guba hanya ce. Amma fa hukuma ba ta zo ba sai da aka yi gawa. A karkarar nan gida na jikin gida, gona na jikin gona, ba a ɗaura aure sai da waliyyi da liman da shaidu, a kuma kai wa mai unguwa goro. To, sau nawa a kan ji ta bakin yarinya? In ta gudo gida da shatar bulala, a kan mai da ita, a ce ta yi haƙuri. In ta kai kuka wurin hukuma, sau da yawa a kan ce maganar cikin gida ce.

Alhali malamai sun san hadisin Khansa'u 'yar Khidam cikin Buhari: ubanta ya aurar da ita ba ta so, Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya warware auren. Mai cewa ita bazawara ce, uba kuwa yana da ikon tilasta budurwa a mazhabar Maliku, ya tuna malaman mazhabar sun gindaya sharaɗin kada a cuce ta, sun kuma ba alƙali ikon raba aure saboda cuta.

Saboda haka liman ya bincika kafin ya shafa fatiha. Dagaci da ɗan sanda su rubuta kukan mace ran da ta kawo shi, alƙali ya saurare ta da bakinta. Attajiri kuma kada ya mai da 'yar talaka abin biyan bashi. Kotun da ba ta ji kukan mace tana mai ƙara ba, wata rana za ta gan ta a tsaye ana tuhumarta.

Allah ya sa a gyara, amin.